Shin yarda da masana lafiya na sa mutum ya canza yadda yake ci da motsa jiki?

Ummu Khalid ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ke ɗaure min kai game da ƙiba, ina roƙon masu ilimin abin su warware min. Duk inda aka taɓo maganar rage nauyi sai ka ji wani ya ce ai su masanan ma ba su da tsayayyiyar magana: da sun hana ƙwai, yanzu sun ce a ci, da sun ce mai ne matsalar, yanzu sun koma kan sukari. Wasu kuma su ce kamfanoni ne ke biyansu. Amma su waɗannan masu shakkar, da zarar wani ya fito a TikTok da hoton jikinsa na da da na yanzu yana tallar shayin rage tumbi, nan take za su saya ba tambaya.

Tambayoyina biyu ne. Ta farko, shin da gaske yarda da likita ko masanin abinci tana sa mutum ya canza ɗabi'arsa, ko kuwa ana yarda ne a baki kawai, a koma gida a ci gaba da abin da aka saba? Ta biyu, tunda masanan sun taɓa sauya magana, ta yaya wanda bai karanci fannin ba zai gane wadda zai riƙe? Na gode.

Malam Auwalu ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ta biyun, domin ruwa ba ya tsami banza, shakkun nan yana da tushe.

A 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono tsofaffin wasiƙu da suka nuna cewa wata gidauniyar kamfanonin sukari ta Amurka ta biya malaman Jami'ar Harvard dala 6,500 su rubuta bitar binciken da aka yi kan ciwon zuciya. Bitar ta fito a 1967 a wata babbar mujallar likitanci, ta sassauta wa sukari, ta jingina laifin ga kitse, ba a kuma faɗi wanda ya biya kuɗin ba. A 2015 kuma jaridar New York Times ta bayyana cewa Coca-Cola ce ta ba da kuɗin kafa wata ƙungiyar masana mai nanata rashin motsa jiki fiye da abin da ake ci da sha. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse. Saboda haka wanda ya ce kuɗi ya taɓa karkatar da maganar masana bai yi ƙarya ba.

Sai dai ba kowane sauyin magana ne irin wannan ba. Maganar ƙwai ta sauya ne saboda an daɗe ana zaton kolestarol ɗin da ke cikin abinci shi ne kai tsaye ke hawa cikin jini. Da bincike ya taru, sai aka ga a yawancin mutane hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma irin kitsen da ake ci ya fi tasiri. Shi ya sa a 2015 ƙa'idojin abinci na Amurka suka cire iyakar miligiram 300 a rana. Haka kitsen da ake daskararwa a masana'anta, wanda a da aka ɗauka ya fi man shanu lafiya: da aka gano yana cutar da jijiyoyin zuciya, Denmak ta taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2018 ta yi kiran a kawar da shi gaba ɗaya. Wannan gyara ne bayan hujja ta bayyana, kuma masana ne da kansu suka bankaɗo kuskuren, har da na 1967 ɗin.

Abin da ba a cika lura da shi ba, ginshiƙin shawarar bai motsa ba shekara da shekaru: a yawaita kayan lambu da 'ya'yan itace da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba, a rage sukari da gishiri, a motsa jiki. Abin da ke juyawa kullum shi ne kanun labarai, inda ake ɗaukar bincike guda a kan ɓeraye ko a kan mutum ashirin na sati biyu a ce "masana sun gano". Ko rigimar da aka fi yi, wato a rage mai ne ko a rage sitaci, an gwada ta a Jami'ar Stanford da mutum 609 tsawon shekara guda, sakamakon ya fito a 2018: masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6, bambancin da bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Wanda ya iya ɗorewa a kan tsarinsa shi ne ya ci riba.

In kina son tantance magana, ki fara duba ko mai maganar yana sayar da abin da yake yabo. Sannan ki tambaya, a kan mutane aka gwada ko a kan dabbobi, mutum nawa, wata nawa? A harkar ƙiba, duk gwajin da bai kai shekara ba bai faɗi abin da ake son ji ba, domin kusan kowane tsari yana sauke nauyi a watanni ukun farko. Ki kuma saurara ko ya faɗi illa da wanda abin bai dace da shi ba. Masanin gaske zai ce miki mai ciki kada ta yi, mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita. Mai talla kowa nasa ne.

Dakta Zainab ta amsa:

Malam Auwalu ya yi bayani mai gamsarwa. Ni zan tsaya a kan tambayar farko, 'yar'uwa, domin a nan ne mu ma'aikatan lafiya muke da gyara.

Yardar tana nan, ba ta gudu ba. A binciken ra'ayin jama'a da gidauniyar Wellcome ta yi a 2018 a ƙasashe sama da 140, kashi 73 cikin 100 sun ce likita ko ma'aikacin jinya suka fi yarda da shi a kan shawarar lafiya. Amma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, manya miliyan 890 ke nan ban da yara, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Da yarda kaɗai tana sauke nauyi, da ba mu ga waɗannan alƙaluma biyu tare ba.

Abin da ke sa yarda ta yi aiki shi ne abin da likitan ya ɗora a kanta. An gwada wannan a Ingila, masu bincike na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2016. Marasa lafiya 1,882 masu ƙiba, waɗanda wata larura daban ta kawo su asibiti, a ƙarshen ganawa likita ya yi musu magana ta daƙiƙa 30 kacal. Rabinsu an ce musu rage nauyi zai amfani lafiyarsu, shi ke nan. Sauran rabin likita ya yi musu tayin shiga shirin rage nauyi na mako 12, aka sa musu rana tun kafin su bar asibitin, ya kuma ce su dawo ya ga yadda ake ciki. Kashi 77 cikin 100 na waɗannan suka amsa, kashi 40 suka halarta. Bayan shekara guda sun sauke kilo 2.4 a matsakaici, masu nasiha zalla kuma kilo 1. Ki lura, likitocin iri ɗaya ne, yardar ma iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne an ba su wuri da rana da wanda zai sake tambayarsu. Kuma kusan huɗu cikin biyar sun ce maganar ta dace, ta taimaka, abin da ya kamata ya cire wa likitoci tsoron taɓo batun.

Inda ake ɓata lamarin kuma sananne ne. Mutum ya zo da ciwon gwiwa ko ciwon kai, kafin a saurare shi an ce "je ka rage ƙiba". Ko a auna shi a gaban jama'a a faɗi adadin da ƙarfi. Wanda aka yi wa haka ba ya fasa ci, asibitin yake fasa zuwa, sai hawan jini ko ciwon sukari ya yi nisa kafin a gano. Bincike da dama ya nuna kyara da gori suna ƙara cin abinci don huce takaici da guje wa wuraren motsa jiki. Kunyatarwa ba magani ba ce.

Kuskure na biyu, ba a gaya wa mutum gaskiyar yadda jiki yake. Idan nauyi ya sauka, jiki yana ɗaukar hakan a matsayin yunwa ta zo: sinadarin leptin da kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya yana raguwa, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana ƙaruwa, ƙarfin da jiki ke ƙonawa a zaune kuma yana yin ƙasa. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostireliya, wanda ya fito a 2011, ya nuna canje-canjen waɗannan sinadarai suna nan har bayan shekara guda da sauke nauyin. Shi ya sa sikeli yakan tsaya cak wajen wata na shida, wani ɓangaren nauyin kuma yakan dawo. Idan ba a faɗa wa mutum wannan tun farko ba, ranar da ya faru zai yanke hukuncin ko dai shi rago ne, ko likitan bai san aikinsa ba. Duka biyun suna kai shi hannun mai shayi.

Ganawa mai kyau ga yadda take. A fara neman izini: "Za ka so mu yi maganar nauyinka yau?" A auna nauyi da tsawo da ƙugu da hawan jini, a duba sukarin jini. A tambayi barci da minshari, a tambayi magungunan da yake sha, domin akwai masu sa ƙiba. A sa buri na kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a cikin wata shida. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70, ma'aunin ƙiba na BMI ɗinsa 31 ne, wato nauyinsa 90 a raba da tsawonsa sau tsawonsa (1.70 sau 1.70, 2.89 ke nan), burinsa kuma kilo 4.5 zuwa 9. Mutane suna raina wannan adadi, amma a babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234, waɗanda aka ɗora a kan burin sauke kashi 7 cikin 100 da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, yayin da maganin ciwon sukari na metformin ya rage da kashi 31. Daga nan a amince a kan canji ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi tara, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ya fi. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, kowane irin mai ne kuwa. Wanda ya bar lemon gwangwani biyu a rana, ya kuma riƙa auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, ya kama hanyar ragin kalori 500 da ake nema, wanda ke ba da kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Sai a sa ranar dawowa, mako biyu zuwa huɗu.

Ummu Khalid ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Amma Dakta, masu shayin nan fa ana ganin aikinsu a sikeli cikin mako guda, kilo biyu har uku, shi ne abin da ke jan mutane. Ga kuma alluran rage ƙiba da ake ta magana. Su kuma a ina za a ajiye su?

Bashir mai harhaɗa magunguna ya amsa:

Hajiya, kilo biyun nan ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Yawancin irin wannan shayi yana ɗauke da ganye mai sa gudawa, irin su senna, ko abin da ke sa yawan fitsari. Gudawar ba ta hana jiki tsotse abinci, domin ƙaramin hanji ya riga ya gama aikinsa kafin maganin ya taɓa babban hanji. Ruwa ne da gishirin jiki ke fita, musamman fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo kasala da ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya. Galibi kuma ana haɗa shayin da umarnin a daina cin sitaci. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya tare da ruwa kusan giram uku, to da ajiyar ta ƙare sai ruwan ya bi ta. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ki lissafa da kanki ko za a iya ƙona kilo uku a kwana bakwai.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake ɓoyewa a ciki. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da yawa sun sha samun sibutramine a cikin ƙwayoyi da shayin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Wannan magani ne da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya sha irin wannan ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku, bakinsa ya bushe, barci ya ƙaurace, ya dakata nan take a auna masa jini.

Gaskiya kuma, tarihin magungunan ƙiba na asibiti shi ma ya taimaka wajen zubar da yarda. An janye fenfluramine a 1997 saboda lalata ƙofofin zuciya, rimonabant a 2008 saboda ciwon damuwa, lorcaserin a 2020 saboda alamun ƙarin ciwon daji. Amma an janye su ne saboda akwai masu bibiya da ƙirga illa. Shayin intanet ba mai ƙirga masa komai.

Alluran kuwa suna aiki. A gwajin semaglutide da ya fito a 2021, mai mutum 1,961, masu allurar sun sauke kashi 14.9 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma kashi 2.4. Ana farawa da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu har zuwa 2.4. Masu tsallake matakan don gaggawa su ne ke fama da tashin zuciya da amai. Ba a yi wa mai ciki, saurin zubar nauyi kuma yana iya kawo tsakuwar maɗaciya. Waɗanda suka daina, bayan shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo, don haka duk wanda ya ce miki allurar wata uku ce a gama har abada bai faɗa miki duka ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, ɗaya daga cikin sunayen kasuwa na allurar semaglutide, da aka samu a Burazil da Birtaniya da Amurka. Kada a saya ba da takardar likita ba.

Hauwa'u ta amsa:

Ina girmama bayananku, amma ina ganin mun ɗora wa yarda kaya fiye da ƙarfinta. Mutum yana iya yarda da likitansa ɗari bisa ɗari, amma aikinsa zama ne awa goma, abin da ya fi araha da kusa da hannu kuma shi ne abincin leda da lemon kwalba. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20 wata guda, mako biyu a kan abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A kan na masana'antar sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. Gwajin ƙarami ne, na yarda, amma an auna kowace loma, kuma ba wanda aka ce masa ya ƙara ci.

Shi ya sa a ganina wurin da yarda da masana ta fi amfani shi ne wajen kafa doka. Birtaniya ta sa haraji a 2018 kan abin sha mai sukari giram 5 ko fiye a kowane mililita 100, kamfanoni da yawa suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki don su kauce wa biya. Chile kuma tun 2016 take tilasta liƙa baƙin tambarin gargaɗi a gaban kunshin abinci mai yawan sukari ko gishiri ko kitse. Irin wannan doka ba ta tsayawa sai jama'a sun yarda cewa masanan don lafiyarsu suke magana.

Dakta Zainab ta ƙara:

Gaskiyarki Hauwa'u, ban musa ba, sai dai wanda ke gabanmu yau ba zai jira doka ba. Ummu Khalid, ga abin da kowa zai iya dubawa da kansa, wanda ke taimaka wa mai shakkar ma, tunda idonsa ne zai gani. A sami tef ɗin awo, a laluba ƙarshen haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, galibi ɗan sama da cibiya. A saki numfashi yadda aka saba, kada a tsuke ciki, kada kuma tef ɗin ya nutse a fata. Awon ya kasance ƙasa da rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170, kada ƙugunsa ya kai 85. Wannan ya fi BMI nuna kitsen da ya taru a kewayen hanta da hanji, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini. Ba a amfani da shi ga mai ciki, haka wanda BMI ɗinsa ya kai 35, awon ba ya ƙara masa wani bayani. A riƙa aunawa sau ɗaya a wata, da safe kafin a ci komai, a rubuta a takarda tare da nauyi, a tafi da takardar duk ranar ganin likita.